Ɗaliban da suka hana a rushe tarihin unguwarsu

A shekarar 1968, wani masanin tarihi mai suna James Hurley ya shiga ƙaramin jirgin sama tare da matuƙi Joseph Haynes, suka riƙa shawagi a kan Brooklyn, wani yanki na birnin New York a Amurka. Wata unguwa suke nema, wadda sunanta ke cikin tsofaffin takardu amma ya ɓace daga bakin mutane. Daga sama suka hango wasu gidajen katako huɗu a karkace, suna fuskantar tsohuwar hanyar Hunterfly da aka daɗe da shafewa. Abin da ya rage na Weeksville ke nan.

Unguwar ta samo sunanta daga James Weeks, baƙar fata ɗan dako a tashar jiragen ruwa, wanda ya sayi fili a wurin a 1838, shekara 11 bayan an soke bauta a jihar New York. A lokacin, doka ta hana baƙar fata jefa ƙuri'a sai ya mallaki kadarar dala 250, sharaɗin da ba a ɗora wa farare ba. Don haka namijin da ya sayi fili mai wannan daraja a Weeksville, har da 'yancin zaɓe ya saya. Suka kafa makaranta da coci-coci da gidan marayu, har da jaridarsu. A nan aka haifi Susan Smith McKinney Steward, mace baƙar fata ta farko da ta zama likita a jihar. Daga baya birni ya faɗaɗa ya haɗiye unguwar.

Abin da ya fi burge mu shi ne rawar da yara suka taka. Ɗaliban firamaren unguwar, mai lamba 243, sun shiga aikin tono a wani fili da ake sharewa don sabon gini, inda aka zaƙulo kayan amfanin gida da wani tsohon hoton mace a kan ƙarfe. Ba su tsaya nan ba. Sun je gaban hukumar adana gine-ginen tarihi ta birnin suka roƙi a bar gidajen, kuma a 1970 hukumar ta sa su cikin waɗanda doka ta kare. Ku tuna, yaran nan ko sakandare ba su kai ba.

Wata mai zane, Joan Maynard, ta kwashe shekaru tana neman kuɗin gyaran gidajen. Yau sun zama gidan tarihi da ɗalibai ke ziyarta, ana kuma naɗar muryoyin dattawan unguwar ana adanawa. A 2019 kuɗi ya yanke har aka kusa rufe wurin, sai jama'a suka yi karo-karo ta intanet suka ceto shi.