Wa Zai Koyar da Mai Allurar Barci?

Ana ta cece-kuce a jaridu kan likitocin da ke ficewa zuwa Ingila da Saudiyya, amma likitan fiɗa kaɗai ake kokawa a kai. Ba a ko tuna wanda ke tsaye a wajen kan majinyaci, wato likitan sa barci. Mutanen Janfalan da Ikara da Kudan sun ɗauka aikinsa allura ce ɗaya, ya soka ya koma gefe. Alhali shi ke riƙe da numfashin mai naƙudar da aka kwasa cikin dare zuwa asibitin Shika, yana duban hawa da saukar jininta, yana kuma lura da 'yar na'urar da aka maƙala mata a yatsa, har ta farfaɗo.

Ƙungiyar likitocin sa barci ta duniya ta ce a samu aƙalla biyar ga kowane mutum 100,000. Nijeriya ba ta kai ɗaya ba. In malami guda ya bar Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, ɗaliban da zai yaye ma sun tafi da shi.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda aka binne tarihin waɗannan malamai. Duk ungozomar da ta karɓi jariri ta duba launin jikinsa da bugun zuciyarsa da numfashinsa a minti na farko, ma'aunin Virginia Apgar take bi, kuma likitar sa barci ce 'yar Amurka, ta tsara shi a 1952. Mutum-mutumin robar da ake koyon danna ƙirji da hura baki a kansa ya fito a 1960, daga hannun Asmund Laerdal na Norway, bisa binciken Peter Safar, shi ma likitan sa barci. Daga baya, a shekarun 1980, David Gaba na Jami'ar Stanford ya shirya ɗakin tiyata na atisaye, inda mutum-mutumi ke daina numfashi bagatatan, ɗalibi ya rikice, ya yi kuskure, a zauna a warware masa ba tare da an rasa rai ba. Daga matuƙa jirgin sama ya ari dabarar.

Mu kuwa har yau yawancin ɗalibanmu a jikin ɗan wani suke fara koyon zura bututun numfashi. Wannan bai dace ba.

Ga Kwalejin Kimiyyar Lafiya ta Shehu Idris a Makarfi, ga Shika kusa. Me zai hana Gwamnatin Jihar Kaduna ta buɗe ɗakin atisaye a Makarfi, malaman Shika su riƙa zuwa horar da nas-nas na asibitocin karkara? 'Yan majalisarmu da ke rabon babura su sayi mutum-mutumin koyo, su ware kuɗin bincike, a kuma biya malaman nan haƙƙinsu a kan kari kafin sauran su ma su ɗaure kaya.