Faifai 3 ko 4: lissafin kulocin Vespa mai zamewa kuma mai riƙo

A Daura da garuruwan masarautarta, Sandamu da Mai'adua da Zango da Baure, har yanzu ba a rasa dattijon da ke hawan Vespa, yawanci tsohon malamin makaranta ko ma'aikacin ƙaramar hukuma da ya ajiye aiki. Jincheng da Boxer sun ƙwace titi, amma masu Vespa sun ƙi sakin tasu, kuma ina ganin suna da gaskiya. Kayan gyara ne damuwarsu. Kamfanin Piaggio na Italiya, wanda ya fito da Vespa a 1946 da samfurin PX a 1977, ya daina ƙera PX wajen 2017. Bajaj na Indiya ya rufe layin tsohuwar Chetak, mai zubin Vespa, tun tsakiyar shekarun 2000, shi kuma LML na Kanpur, mai ƙera irin PX, ya durƙushe a 2017. Saboda haka abin da aka samo daga Kano shi ake ɗaurawa, kuma sau da yawa kuloci ne da mai shago ya ce ya fi na asali ƙarfi.

Bayan mako biyu sai mai babur ya koma wurin bakanike: "Ɗana, in na ba ta wuta sai ihu babu gudu, in na tsaya kuma ba ta shiga firi." Bakanike ya ce, "Baba, waya ce," ya ɗaure ta. Gobe a dawo ya sassauta. Duka biyun ba su magance komai ba, kuma alƙaluma ne ke nuna dalili.

Kulocin PX 150 na asali yana da faifai 3 masu lainin, faifai 2 na ƙarfe, da sifirin 6. Na sama cikin masu lainin ɗin, lainin ɗinsa fuska ɗaya ne, don haka wuraren da ake guga 5 ne. Kuloci mai faifai 4, kamar na Vespa samfurin Cosa, yana da 4 masu lainin da 3 na ƙarfe, wuraren guga 7 ke nan. Daga 5 zuwa 7 ƙarin kashi 40 cikin 100 ne na ƙarfin kamu, idan matsin sifirin bai canja ba. Wannan shi ne abin da ake sayarwa, kuma ba ƙarya ba ne.

Abin da ba a faɗa shi ne, in ka matse hannun kuloci, tazarar da ake turawa ba ta ƙaru ba. Hannu ɗaya ne, waya ɗaya, ɗan tagullan da ke cikin murfi yana tura faifan matsi shi ma ɗaya. Mu ƙaddara tazarar milimita 1.5 ce. A raba ta gida 5, kowane gurbi ya samu 0.30. A raba ta gida 7, ya koma 0.21. Kusan kashi 30 cikin 100 na sararin ya tafi. Kaurin reza sabuwa wajen milimita 0.1 ne, wato faifan ƙarfe ɗaya da ya lanƙwasa da kaurin reza ya cinye rabin gurbinsa. Kuma tunda faifai 4 ɗin da ake cusawa a tsohon kwandon kuloci dole a sirance su, sun fi saurin lanƙwasa in suka sha zafi.

Daga nan ne ɗaurin waya ke shigowa ya ɓata sauran. Ƙa'ida ita ce a bar wa hannun kuloci wasa kamar milimita 2 kafin waya ta fara ja. Bakanike ya ga kuloci ba ya saki, sai ya cinye wannan wasan don ya ƙara tazara. Yanzu ɗan tagullan yana danne da faifan matsi ko da yaushe, sifirin ba sa matsewa duka, kuloci ya fara zamewa. A ce injin yana ba da wat 6,000, kuloci kuma yana zamewa da kashi 10 cikin 100 kacal: wat 600 ne ke komawa zafi, fiye da rabin na dutsen guga na lantarki, a cikin akwatin da man cikinsa duka mililita 250 ne. A watan Afrilu, lokacin da zafin Daura ke kai maki 40, ga goyo a baya, ga yashin hanyar ƙauye da ake bi da rabin kuloci, faifan ƙarfe kan yi shuɗi ya ƙara lanƙwasa. Riƙo ya jawo zamewa, zamewa ta ƙara riƙo. In kuloci ya haɗa biyun, juya waya ɓata lokaci ne, sai an buɗe.

Shi man giya kuwa, SAE 30 Piaggio ya rubuta, mililita 250. Baƙin man mota na zamani yakan zo da sinadarin rage guga, wanda alheri ne ga injin mota amma yana sa lainin santsi. Dalilin ke nan Japan ta fitar da ma'aunin JASO MA a 1998 domin babura masu kuloci a cikin mai. Wanda ya sayi mai a kwalbar ruwa bakin titi bai san me ya zuba ba. In an zare man ya fito tsararo yana warin fetur, robar da ke tsare mai ta gefen kuloci ce ta mutu, kuma ko an sa sabon faifai zai bi sahun tsohon.

Akwai gwaji na kyauta. A Vespa kik yana bi ta kuloci ne kafin ya juya injin, don haka in kik ya sulale ƙasa ba tare da nauyi ba, kuloci na zamewa. In kuwa gudu ne ke yankewa farat ɗaya da ƙara sannan ya dawo, wannan kuros ɗin giya ne ya ci, kuma kuloci mai riƙo ne ke saurin cinye shi. Bayan an buɗe, a kwantar da faifan ƙarfe a kan gilashi a gwada cusa reza ƙarƙashinsa. In ta shiga, a jefar da shi. A shafa yatsa a bakin kwando, in kunnuwan faifai sun sassaƙa masa tsani to a nan suke maƙalewa. A duba cikin murfi ko akwai sabon gurzo mai ƙyalli, domin kwandon Cosa ya fi mai sifirin 6 faɗi kuma yakan taɓa tsohon murfi. Sabon faifai kuma a jiƙa shi a man giya kafin a ɗaura.

A ƙirga haƙora ma. PX 150 tana tafiya da haƙora 21 na kuloci a kan 68 na babbar giya, wato injin ya juya sau 3.24 babbar giya ta juya sau ɗaya. PX 200 kuwa 23 a kan 65 ce, sau 2.83. Kulocin 200 ba a yanka haƙoransa don giya mai 68 ba, kuma kukan da ake ji bayan irin wannan haɗin gambiza ƙarfe ne ke cin ƙarfe.

To wa ke bukatar ƙarin kashi 40 ɗin? Silindar PX 150 faɗinta milimita 57.8 ne, fistan na tafiyar 57, jimla sisi 149.6. Wanda ya sa silinda mai faɗin 63 ya koma 177.7, ƙarin kusan kashi 19 cikin 100, kuma shi yana da hujjar neman faifai 4, tare da kwando da murfin da suka dace da su. Amma Vespar da ke kai mai ita masallacin Juma'a da kasuwar Mai'adua ran Lahadi da injinta na asali, ƙarinta sifili ne. Abin da take nema faifai 3 masu kyau, sifirin 6 sababbi, sabon ɗan tagulla, rubu'in lita na SAE 30, da wasan milimita 2 a hannu.