Igiyar Guga da Jijiyar Gwiwa

Duk wanda ya taɓa jan ruwa a rijiyoyin Ɗanzomo masu zurfi ya san igiya ba ta tsinkewa rana ɗaya. Kullum tana gogar itacen bakin rijiya, sili ya ɓalle yau, wani gobe, har ta yi gashi-gashi a wuri guda alhali sauranta lafiya lau. Haka jijiyar da ta taso daga ƙasan ƙoƙon gwiwa ta kama ƙashin ƙwauri take. Duk tsallen da ɗan ƙwallo ya yi ya dira, duk durƙuson da ɗan kokawa ya yi don ya ɗaga abokin karawa, ita ke ɗaukar nauyin da ya ninka na jikinsa. Inda take cinyewa kuwa sananne ne, daidai bakin ƙoƙon. Saurayi zai ɗora yatsa ɗaya a wurin ya ce, "Nan ne, kamar ana soka mini ƙaya." A 1973 likita Blazina da abokan aikinsa a Amurka suka raɗa wa ciwon suna, wai gwiwar mai tsalle.

To idan guga ya faɗa rijiya fa? Ba a rushe bakinta. Yaro ya kawo madubi ya karkato hasken rana zuwa ƙasa, a zura ƙugiya a lalubo shi. Tiyatar ƙaramar kafa ke nan. Likita ya huda wuri biyu a gefen gwiwa, kowanne bai wuce faɗin farce ba. Ta ɗaya ya zura siririn bututu mai fitila da kyamara, ya cika gaɓar da ruwan gishiri don ta buɗe, hoto ya fito a allo. Ta ɗayar ya shigar da 'yar na'urar aski ya kankare naman da ya lalace a bayan jijiyar, inda ƙananan hanyoyin jini da zaruruwan da ke kai saƙon zafi suka tsiro kamar ciyawa a jikin rijiya. Wani lokaci ya ɗan rage tsinin ƙashin da ke gogarta. Dabarar ta bunƙasa ne a Japan, inda Kenji Takagi ya leƙa cikin gwiwar gawa da bututu a 1918, almajirinsa Masaki Watanabe kuma ya gyara na'urar har ta yi amfani.

Amma a nan igiya da jijiya suka raba hanya, kuma nan ne na fi son samarinmu su saurara. Jijiya rai gare ta, nauyi daidai gwargwado shi ke gina ta. Shi ya sa likitan gashi yake fara sa mutum ya tsaya da ƙafa ɗaya kan katako mai gangara, ya riƙa sauka a hankali, safe da yamma, har mako 12. A 2006 Roald Bahr da abokansa a Norway suka gwada wannan atisayen da tiyatar yanka a buɗe, ba su ga inda wuƙa ta fi ba. Sai an yi kamar wata shida ana fama ciwo ya ƙi ji ake maganar huda.

Abin da ke damuna shi ne allurar kashe zafi da ake yi wa yaro a kemis ranar wasa. Ciwon ya yi shiru, sili na ci gaba da ɓallewa, musamman idan allurar kotizon ce aka soka cikin jijiyar kanta. Ronaldo na Brazil, da duk likitocin Inter Milan a bayansa, jijiyar nan ta tsinke masa a Afrilun 2000, 'yan mintoci da dawowarsa fili daga jinya. Yaron da ke buga ƙwallo kan rairayin Sule Tankarkar ko Gagarawa, in tasa ta tsinke, sakiya da ɗori ba su haɗa ta. Sai a nemi mota daga Gumel zuwa Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, a tsaga gwiwar a ɗinke, daminar bana kuma wani ya yi masa noma.