Sayen Sola: Yadda Ake Gane Araha Ta Gaskiya



Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, janareto ya zama kayan ado a gidaje da dama. A watan Afrilun 2024 kuma hukumar kula da wutar lantarki ta NERC ta ɗaga kuɗin wuta na 'yan rukunin A, wato waɗanda suka fi samun wuta, zuwa naira 225 kan kowane yunit. Shi ya sa yau duk wanda ya leƙa Sabon Gari a Kano zai ga farantan sola jingine a ƙofar shaguna, masu saye na ta taya su kamar buhun hatsi. To a nan kuskuren yake. Araha a harkar sola ba a kuɗin faranti take ba, tana cikin wutar da farantin zai bayar da shekarun da zai yi yana bayarwa.

Ƙarfin faranti da wat ake auna shi, don haka abin tambaya shi ne nawa kowane wat ɗaya ya kama: a raba kuɗin da adadin wat, sannan a kwatanta. Sai dai takardar da ke manne a bayan faranti, kowa na iya buga ta. Abin da ba ya ƙarya shi ne girman farantin. Mai kyau na wannan zamani yana ba da wat 200 da 'yan kai a kowace murabba'in mita, shi ya sa mai wat 550 yake kaiwa kusan mita 2.3 a tsawo, faɗinsa kuma ya ɗan haura mita ɗaya. Idan aka nuna maka wani ɗan madaidaici da bai kai rabin wannan ba, aka ce wat 500 ne, tef ɗin tela ma ya isa ya ƙaryata maganar. Sa'annan a sa mai gyara ya fito da shi rana, ya ɗora mita, a duba gilashin ko akwai tsaga ko tabon ƙuna. Ko na gaskiyar ma, a zafin digiri 25 aka gwada shi a masana'anta. A kan kwano cikin watan Afrilu yana iya haura digiri 60, ya rasa fiye da kashi 10 cikin 100, ga kuma ƙurar hunturu. Wanda ya sayi na jabu, asara biyu ya haɗa.

Wani zai ce, ai talaka ba shi da kuɗin farantan manyan kamfanoni irin su Jinko ko Longi ko Canadian Solar. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, amma faranti ba shi ne ya fi cin kuɗi ba, domin farashinsa a duniya ya faɗi da kusan kashi 90 cikin 100 tsakanin 2010 da 2020. Batir ne ke cinye aljihu. Na ruwa ba a so a zuƙe fiye da rabinsa, kuma idan faranti mai rauni ya kasa cika shi kullum, sai ya mutu tun kafin lokacinsa. Ke nan ɗan abin da aka rage wajen faranti, ninkinsa za a biya wajen sabon batir. Gara mutum ya lissafa ƙwayayen wutarsa da fankokinsa, ya sayi kaɗan na ƙwarai, ya ƙara idan hali ya samu.

Wani kuma zai ce garantin shekara 25 da kamfanoni ke rubutawa, wa zai bi su China ya karɓo? Haka ne, shi ya sa garantin da zai amfane ka shi ne na mai shagon da ka san ƙofarsa. Masu sauraro, kada ku miƙa kuɗi sai an gwada a gabanku, an kuma rubuta lambar kowane faranti a kan rasit.