Yadda Ake Auna 'Yan Wasa a Fantasin Ƙwallon Kwando Kafin Daren Zaɓe

Ranar 21 ga Oktoban 2025 aka buɗe kakar 2025/26 ta gasar NBA a Amurka, kuma tun kafin nan matasanmu na Agege, Idi-Araba, Sabon Ibadan da Fatakwal suka fara tara junansu a guruf-guruf na WhatsApp domin shirin fantasin ƙwallon kwando. Yawancinsu daga fantasin Firimiyar Ingila suka taso, shi ya sa suke shigowa da tunanin cewa abu ɗaya ne. To ba ɗaya ba ne. A na Firimiya mutum dubu za su iya mallakar Salah a lokaci guda, in ka yi kuskure kuma ka gyara a mako na gaba. A na kwando ɗan wasa ɗaya na mutum ɗaya ne. Idan abokinka ya riga ka ɗaukar Jokic, shi ke nan, sai dai ka yi kallo har watan Afrilu. Zaman awa biyu a daren zaɓe shi ne ke yanke yadda wata shida za su kasance maka, don haka bari in shimfiɗa yadda nake auna ɗan wasa, da yadda nake hasashen inda ƙungiya za ta ƙare.

Tsarin a taƙaice

NBA na da ƙungiyoyi 30, kowace tana buga wasa 82 daga Oktoba zuwa Afrilu. A fantasi, mutum 10 ko 12 ke haɗuwa a manhaja irin ta Yahoo ko ESPN, kowa ya ɗebi 'yan wasa kusan 13 daga duk ƙungiyoyin. Abin da 'yan wasanka suka yi a fili na gaskiya shi ake rubuta maka.

Zaɓen bi da bi ne, kuma layin juyawa yake yi kamar tafiyar maciji. A gasar mutum 12, wanda ya fara ɗauka zai jira har lamba ta 24 kafin ya sake, sannan ya ɗauki ta 25 nan take. Wanda ya zo na 12 kuwa yana da 12 da 13 a jere. Ka ga babu wanda aka cuta: na farko ya sami gwarzo ɗaya, na ƙarshe ya sami manya biyu.

Kafin ka duba sunan kowa, fara tambayar wanda ya buɗe gasar: da maki ake lissafi ko da rukuni? A tsarin maki, duk abin da ɗan wasa ya yi ana mayar da shi lamba ɗaya a tara. A tsarin rukuni, wanda shi ne tsofaffin hannu suka fi so, abubuwa tara ake gwadawa tsakaninka da abokin karawarka na mako: makin da aka ci, cafke ƙwallon da ta dawo daga kwando, miƙa ƙwallon da aka zura, ƙwace ƙwallo, tare jifa, yawan jifan maki uku, kason jifan da ya shiga, kason jifan fanareti da ya shiga, sai kuma ɓarar da ƙwallo, wanda shi ƙarancinsa ake so. Wanda ya ci biyar cikin tara shi ke da rinjaye a makon. Bayanina ya fi karkata ga wannan tsarin.

Maki ba shi ne komai ba

Kuskuren sabon shiga shi ne bin mai yawan maki. Amma maki rukuni ɗaya ne cikin tara, kuma shi ne ya fi arha, domin kusan kowace ƙungiya tana da mai zura 20 a dare. Wanda ke da tsada shi ne mai taɓa rukuni da yawa a lokaci guda.

Ɗauki Nikola Jokic, ɗan Sabiya da ke Denver. A kakar 2024/25 yana cin maki 29.6 a kowane wasa, yana cafke 12.7, yana miƙa 10.2, kuma fiye da rabin jifansa na shiga. Mutum ɗaya yana yi maka aikin dogon tsakiya da na mai raba ƙwallo. Shi ya sa in ka sami lamba ta farko babu wani dogon tunani. Abin dariyar shi ne, a zaɓen NBA na gaskiya na 2014 sai a lamba ta 41 aka ɗauke shi.

Shai Gilgeous-Alexander na Oklahoma City shi ne gwarzon kakar 2025, da maki 32.7 a wasa. Ƙimarsa a fantasi ta wuce makin: yana yawan zuwa layin fanareti kuma da wuya ya ɓarar, yana ƙwace ƙwallo, har jifa yake tarewa duk da cewa ba dogon tsakiya ba ne.

Sai Victor Wembanyama, Bafaranshen San Antonio. Tare jifa abu ne mai ƙaranci. Mutum ya yi biyu a wasa ana kiransa gwani. Shi kuwa ya yi 3.6 a kakarsa ta farko, 3.8 a ta biyu. Shi kaɗai zai iya ci maka wannan rukunin kowane mako. Ƙa'idar da nake bi ke nan: abin da ya yi ƙaranci a kasuwa shi ake fara saye. Tare jifa, ƙwace da miƙa ƙwallo suna ƙarewa da wuri. Maki da jifan uku kuwa za ka same su ko a zagaye na goma.

Lissafin Giannis

A nan ne mutanenmu suka fi faɗawa rami, saboda so. Giannis Antetokounmpo ɗanmu ne, iyayensa 'yan Najeriya ne da suka yi ƙaura zuwa Girka, kuma kowa na son a ce yana ƙungiyarsa. Maki 30.4 a wasa, jifansa kashi 60 cikin 100 na shiga. Amma a layin fanareti bai kai kashi 62 ba a kakar 2024/25, kuma yana jefa fiye da goma a kowane wasa.

Ga yadda abin ke cizo. A ce sauran 'yan wasanka sun jefa fanareti 100 a mako, 80 sun shiga. Kana da kashi 80, wanda ya isa ka yi gogayya. Sai Giannis ya buga wasa uku, ya jefa 32, 20 suka shiga. Yanzu kana da 100 cikin 132, wato ƙasa da kashi 76. Ka faɗi wannan rukunin. Wanda ke jefa biyu a dare ko da hannunsa bai da kyau ba zai yi maka wannan ɓarnar ba. Yawan jifan ne ke jan kason ƙasa.

Wannan ba ya nufin a guji Giannis. Dabarar ita ce in ka ɗauke shi, ka sallama rukunin fanareti gaba ɗaya, ka daina ɓata zaɓe wajen gyara shi. Tunda biyar kake nema cikin tara, sallama ɗaya ba asara ba ce. Daga nan sai 'yan wasan da kowa ke gudu saboda raunin fanaretinsu su zama garaɓasa a wurinka: Rudy Gobert, Walker Kessler, Amen Thompson, ko Dyson Daniels. Sai ka mamaye cafkewa, tarewa, ƙwacewa da kason jifa. Abin da ba ya yiwuwa shi ne ka haɗa Giannis da Stephen Curry kana tsammanin Curry, mai kusan kashi 91 a fanareti, zai wanke masa. Ka ɓata ƙarfin Curry ne kawai a rukunin da ba za ka ci ba.

Wanda ke jinya ba ya kawo komai

Abu na biyu da nake dubawa bayan alƙaluma shi ne yawan wasannin da mutum ya buga a shekaru ukun baya. Joel Embiid, haifaffen Yawunde, shi ne gwarzon kakar 2023, kuma a Janairun 2024 ya zura wa San Antonio maki 70 a wasa ɗaya. Amma wasa 39 ya buga a 2023/24, sannan 19 kacal a 2024/25. Wanda ya kashe zaɓensa na farko a kansa ya yi cinikin biri a sama.

Lissafin mai sauƙi ne. Mai cin 30 a wasa 40 ya ba ka 1,200. Mai cin 20 a wasa 75 ya ba ka 1,500. Ko Wembanyama da nake yabo, a Fabrairun 2025 aka dakatar da shi saboda daskarewar jini a kafaɗarsa ta dama, bayan wasa 46. Irin wannan babu mai hango shi. Wanda ake iya hangowa shi ne tsohon ciwon gwiwa da ke dawowa kowace shekara, da tsofaffin taurarin da ake hutarwa idan wasa biyu suka zo dare biyu a jere. Ni dai a zagaye uku na farko ba na ɗaukar mai irin wannan tarihin fiye da mutum ɗaya.

Karanta ƙungiyar, ba ɗan wasan kaɗai ba

Alƙaluman bara tarihi ne. Tambayar ita ce: minti nawa koci zai ba shi bana, kuma ƙwallon za ta riƙa biyowa ta hannunsa? Dyson Daniels ɗan benci ne a New Orleans. Da aka mayar da shi Atlanta aka ba shi gurbi a 'yan biyar ɗin farko, sai ya ƙare kakar 2024/25 da ƙwace uku a kowane wasa, ya fi kowa a gasar. Dama hannun yana nan, fili ne bai samu ba.

Kafin kakar 2025/26, idona na kan ƙungiyoyi biyu. Jayson Tatum na Boston ya tsinka jijiyar agara a watan Mayun 2025, kuma ƙungiyar ta rabu da Jrue Holiday da Kristaps Porzingis. Jifa sama da ashirin da Tatum ke yi a dare dole wani ya gaje su, don haka Jaylen Brown, Derrick White da Payton Pritchard suka ƙara daraja a lokacin. Haka Indiana: Tyrese Haliburton ya ji irin wannan ciwon a wasa na bakwai na ƙarshen gasar 2025 kuma aka sanar ba zai buga kakar 2025/26 ba, Myles Turner ya koma Milwaukee. An yi tsammanin ragamar raba ƙwallo za ta faɗa hannun Andrew Nembhard. A lokacin na yi hasashen ƙungiyoyin biyu za su ja baya a tebur, amma 'yan wasansu za su yi wa mai fantasi rana.

Wajen hasashen ƙungiya, na fi yarda da tazarar maki a kan yawan nasara. Ƙungiyar da ke cin wasanninta da maki ɗaya ko biyu sa'a ce ke ɗauke da ita, kuma sa'a ba ta daɗewa. Oklahoma City ta ci wasa 68 a kakar 2024/25 da tazarar kusan maki 13 a kowane wasa, abin da ba a taɓa yi ba a tarihin gasar, kuma 'yan wasanta matasa ne. Ba na ganin abin da zai sauko da ita. Sai dai ka sani, ƙungiyar da ke lallasa abokan karawa tana zaunar da taurarinta a zangon ƙarshe na wasa, mintinsu ya ragu. Sannan kada ka raina ƙungiyar matasa don ta sha kashi bara: Detroit wasa 14 ta ci a 2023/24, shekara ɗaya bayan nan ta ci 44.

Haɗarin ƙarshe yana wajen ƙungiyoyin ƙasan tebur. A NBA babu faɗawa rukuni na ƙasa; waɗanda suka fi faɗuwa ma su ke da damar samun zaɓi mai kyau na sababbin 'yan wasa. Saboda haka da Maris ya shigo sai su fara ajiye manyansu. A Maris na 2025 sai da hukumar gasar ta ci Utah tarar dala 100,000 kan ƙin saka Lauri Markkanen. Lokacin kuwa shi ne daidai zagayen sili-ɗaya-ƙwale na fantasi. In kana da tauraro a irin wannan ƙungiyar, yi musayarsa tun a Janairu yana da farashi.

Bayan an gama zaɓe

Da zarar an kammala, manhajar za ta ba kowa daraja. Kada ka ɗauke ta da zafi, domin ba ta san ka sallama wani rukuni da gangan ba. Zauna da takarda, rubuta rukunan tara, ka sa alama a inda kake ganin kana cikin huɗun farko a gasarku. In ka ƙirga biyar ko shida masu ƙarfi, ƙungiyarka za ta kai zagayen ƙarshe. In kuwa a ko'ina kana tsaka-tsaki, fara neman musaya tun yanzu.

Gurbi biyu na ƙarshe kada ka ƙulla aure da su. Wata ƙungiyar tana buga wasa huɗu a mako, wata biyu. Matsakaicin ɗan wasa mai wasa huɗu ya fi na kirki mai biyu. Riƙa sauya su gwargwadon jadawali.

Sai batun lokaci, wanda ya shafe mu kai tsaye. Wasan da aka fara ƙarfe bakwai na yamma a New York, sha biyun dare ne a Legas, ƙarfe ɗaya kuma daga Nuwamba idan sun sauya agogo. Na yammacin Amurka sai uku ko huɗu na asuba. Mai fita kasuwar Mile 12 ko mai buɗe shago da sassafe ba zai iya wannan kwanan zaune ba, kuma ba dole ba ne. Ka jera 'yan wasanka na mako guda tun ranar Litinin, ka leƙa labarin masu rauni kafin ka kwanta, da safe ka duba wanda ya ji ciwo ka ɗauki wanda zai maye gurbinsa kafin sauran 'yan guruf su farka. Minti goma a rana sun ishe ka.