Itacen Tor da Gatarin Bonifas

Turawa ma ba da bishara suka fara ba. Kakannin mutanen arewacin Turai sun bauta wa gumaka. Ɗaya daga cikin manyansu shi ne Tor, gunkin tsawa mai guduma, wanda Jamusawa suke kira Donar.

A Geismar, cikin ƙasar Jamus, akwai wani ƙaton itace da aka keɓe masa. Wajen shekara ta 723, Bonifas, mai bishara daga Ingila, ya ɗauki gatari ya nufe shi, jama'a suna kallo suna la'antarsa. Itacen ya faɗi, tsawa kuwa ba ta taɓa Bonifas ba. Da yawa suka ba da gaskiya, aka gina ɗakin sujada da katakon.

Mu ma mun san kuka da tsamiya da ake tsoro saboda iskoki. Wani cikinmu yana zuwa sujada ran Lahadi, laya tana ƙarƙashin riga. Wanda ya halicci itace da tsawa, shi kaɗai ya isa a ji tsoronsa. Wane itace ne har yanzu yake tsaye a zuciyarmu? Ubangiji ya ba mu ƙarfin hali mu sare shi. Amin.