Barkwanci: Tsohon Maganin Raunin Zuci A Sakkwato

Daga Wakilinmu a Sakkwato

Duk wanda ya saba shiga Babbar Kasuwar Sakkwato ya san yadda Bagobiri da Bayarabe sukan yi idan sun gamu. Wannan ya ce da wancan bawansa ne, wancan ya rantse shi ne ubangida, 'yan kallo su yi ta dariya, sa'an nan a yi ciniki a rabu lafiya. Baƙo zai ɗauka shiririta ce. Amma kuwa wannan wasa yana daga cikin hanyoyin da kakanninmu suka bi suka warkar da raunin yaƙi, kuma yau birnin Shehu yana bukatarsa ƙwarai.

Dalili kuwa shi ne, shekaru da yawa ke nan mutanen gabashin jihar, watau ƙasashen Isa da Sabon Birni da Rabah da Goronyo, suna kwararowa birni domin gudun 'yan bindiga. A watan Oktoba na 2021 aka kashe mutum fiye da 40 a kasuwar Goronyo. A watan Disamba na wannan shekara kuma aka ƙone matafiya fiye da 20 cikin motarsu a ƙasar Sabon Birni. Waɗanda suka tsira sun tsira da jikinsu, amma Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. Likitoci sun san wannan ciwo da ke biyo bayan bala'i: rashin barci, mugun mafarki, razana da jin ƙarar babur, da gudun shiga mutane. Wannan na ƙarshe shi ne mafi haɗari, domin mai ciwon yakan kulle kansa shi kaɗai da abin da ya gani.

A nan ne dariya take da aiki. Binciken masana ya nuna dariya ta gaske tana sassauta jijiyoyi, tana sa jiki ya saki sinadaran da ke rage zafin ciwo, kuma mutum ya fi yin ta cikin jama'a bisa ga lokacin da yake shi kaɗai. Watau tana jawo wanda ya keɓe ya komo cikin mutane. Viktor Frankl, wani likitan ƙwaƙwalwa Bayahude ɗan ƙasar Ostiriya da ya tsira daga sansanonin Hitila, ya ba da labari cikin littafinsa na 1946 cewa shi da wani abokinsa sun yi alkawarin ƙaga labarin ban dariya ɗaya kowace rana, game da abin da zai faru bayan an sake su. Dariyar ba ta buɗe musu ƙofar kurkuku ba, amma ta tuna musu cewa akwai gobe.

Mu a nan ba sai mun je Turai neman wannan ilmi ba. A 1808 aka ci Alƙalawa, babban birnin Gobir, kuma a wannan zamani ne aka gwabza tsakanin masu jihadi da Barno. Duk da haka, yau Bafillace da Babarbare ba su haɗuwa sai sun yi wa juna ba'a. Masana tarihi da yawa suna ganin irin waɗannan wasanni sun taso ne daga yaƙi ko auratayya, aka mai da zagin da zai sa a zare takobi ya zama abin raha. Maƙwabtanmu na Nijar sun gane darajar abin, har hukumar UNESCO ta sa wasan barkwancinsu cikin jerin kayan gadon duniya a 2014.

Haka abin yake a cikin gida. Taubasai suna karɓar kuɗin shara a watan Cika-ciki. Jika yana kiran kakarsa matarsa. A gidaje da yawa, idan tsoho ya rasu, jikoki sukan kwaikwayi tafiyarsa da faɗansa har masu kuka su murmusa. Bayan Yaƙin Basasa na 1967 zuwa 1970 ma, wani tsohon soja, Usman Baba Pategi, wanda ya rasu a 2023, shi ya zama Samanja, ya sa jama'ar Arewa suna dariyar rayuwar bariki a rediyo da talabijin.

Amma fa akwai sharaɗi. Dariyar da ke warkarwa ita ce wadda mai raunin ya yi da kansa, a lokacin da ya ga dama. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wanda ya yi wa ɗan gudun hijira ba'a kan garin da aka ƙone masa, fami ya yi, ba magani ba. Har wa yau, raha ba ta maye gurbin likita. Wanda ya yi makonni ba ya barci, ko yake zancen ya gaji da rayuwa, a kai shi Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Kware, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Sa'an nan kakanninmu ba su soma barkwanci ba sai da aka ajiye makamai. Wajibi ne hukuma ta tabbatar da tsaro tukuna, domin ba a yi wa wanda ake bi da bindiga tatsuniya.

Abin tsoro shi ne, wannan fitina ta sa zargi ya shiga tsakanin maƙwabta da suka daɗe suna cin tuwo da nono tare, wasa kuma yana ja da baya. Saboda haka ma'aikatan jin daɗin jama'a da malaman makaranta su ba yaran 'yan gudun hijira filin tashe da tatsuniya da wasan kwaikwayo. Ɗalibai kuma su bar ganin barkwanci ƙauyanci ne. Ranar da yaron da ya gudo daga Sabon Birni ya tsokani abokinsa Bayarabe a filin makaranta ya ƙyalƙyale da dariya, malaminsa ya san yaron ya kama hanyar samun sauƙi.